Cikakken Gidan Inna Kulu

In da cika baki sana'a ce, da tuni Tajuddeen ya gina bene a Gusau. Ni Ladidi, katanga ɗaya ce tsakanina da gidan yayar mahaifiyarsa, Inna Kulu, a nan Tudun Wada, saboda haka tun yana yawo da kamfai nake jin alkawuransa. Ya buɗe shagon cajin waya, janareta ya kama da wuta da wayoyin mutane. Ya yi kiwon kifi, kifayen suka taso sama cikinsu fari fat, ya ce hassada ce. Ya karɓi keke napep na haya, mai keken har yau ba ya amsa sallamarsa. Bana kuma ya sayi wata waya mai ido uku a bayanta, ya wayi gari ya ce shi dillalin gidaje ne na zamani, wai a daina ce masa Taju, a riƙa ce masa Ejan. Ba wanda ya biye masa.

Ita kuwa Inna Kulu gidanta take son sayarwa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk suna ɗakin mazajensu, ba abin da take so irin ta koma Rawayya, garinsu, inda gonar mahaifinta take. Akwai wani ɗan gida a gefen gonar, mai shi Malam Isah ya ce zai jira ta, amma iyakar jiransa ruwan farko. In ruwan shuka ya sauka ba ta zo an gama magana ba, akwai mai so a hannu. Ga shi kuwa hadari ya fara leƙowa ta gabas kowace la'asar.

Gidan kuma gida ne. Ɗaki uku, tsakar gida mai faɗi da dalbejiya a tsakiya, kicin, banɗaki, ga rijiya da ko a tsakiyar rani ba ta ƙafewa. Ko makaho aka kawo ya shafa bangon zai saya. Inna Kulu har ta yafa mayafi za ta wurin dillalan bakin kasuwa, sai Taju ya tare ta a zaure.

"Inna, wane dillali kuma? Waɗanga tsohhin da ka yawo da lema suna cin goro? Zamani ya wuce su. Ni hoto zan ɗauka in sa onlayin. Kahin ki gama alwala mutanen Abuja na layi ƙohwar gidan ga."

"To, Allah shi sa," in ji ta. "Ni dai kahin ruwa."

"Ruwa? Ai sai dai ruwa shi iske ki Rawayya kin miƙe ƙahwa kina shan hura."

Ranar da ya ga dama ya zo ɗaukar hoton, ranar wanki ce. Bai ce a kawar da ko cokali ba. Ya ɗauki tsakar gida, igiyar shanya ta ratsa hoton daga wannan kusurwa zuwa waccan, zannuwa da ɗan tofi suna lilo. Ga baho cike da ruwan kumfa, ga fo ɗin jikar Inna a gefensa, ga kaza bisa turmi ta juya wa duniya baya. Ya ɗauki ɗaki, gado ba a gyara ba, tulin kayan wanki a kai kamar an kwantar da mara lafiya. A madubin sif kuwa ga shi nan da kansa cikin singileti, ya turo leɓe yana saita waya. Haka ya watsa su.

Da yake Allah ba ya barin bawa, duk da haka sai da aka samu mai tambaya. Wani Malam Bitrus ne, ma'aikaci da aka maido Gusau, shi da matarsa Esta da yaransu suna cunkushe a ɗakin haya. Ya turo saƙon murya. Taju ya kira ni da Inna Kulu, ya ƙure ƙarar waya don duk layin su ji.

"Malam Tajuddeen, na ga hotuna, amma gaskiya ban ga komai ba. Ni cikakken gida nake nema. In akwai, ka sake turo mini, don muna da wani da muke dubawa a Damba."

Na ce, "Taju, mutumen ga shanya ta tare mai gani. Cikakke shika nuhi mai kicin, mai bayi, mai ruwa. A kwashe kayan ga ka sake ɗauka."

Ya dube ni kamar na zagi kakansa.

"Ladidi, ke ƙanƙara kika sani da zoɓo. Hausa mutumen ga yay yi, ba Turanci ba. Ya ce bai ga komi ba. To mi ag ga gidan? Turmi da baho! Talauci yag gani, tsoro ya kama shi. Ya ce cikakke shika so. Mi ne ne cikakke? Abin da anka cika. To za mu cika mai shi har shi ce ya isa."

"Zanen aro dai ba ya ruhe katara," in ji Inna Kulu.

"Inna, wanga karin maganar kahin a yi intanet anka yi shi."

Wanda bai san Taju ba zai ce wasa yake. Kafin la'asar ya bi layinmu gida gida yana aro, yana ce wa kowa na wuni ɗaya ne, kuma kayanka za su shiga duniya, har a Saudiyya a gan su. Mutane kuma da kunyar Inna Kulu, ba wanda ya iya cewa a'a. Ya ɗauko keken ɗinkin Sadiya tela da zaren a jiki. Ya ɗauko injin markaɗe yana ɗigar da ruwan tattasai. Ya turo babur ɗin Zakari wanda rabonsa da tashi tun zaɓen da ya wuce. Ya kwaso kujerun roba na haya, da katifu, da fankoki, da talabijin har uku, ɗaya ma ba ta da baya. Ya lallaɓa uwar wata amarya ta ba shi kwanukan jere tun ba a kai su ɗakin miji ba. Mai awo na bakin layi ya ba shi buhunan dawa, har da sikeli. Ni ma firizata ta tafi, babba mai murfi a sama wadda nake ƙanƙara da ita. Don Inna Kulu na bayar, kuma dama wuta ta kwana biyu ba ta leƙo mu ba.

Ya tsaya a bakin zaure ya riƙe ƙugu yana duban tulin, sai ya girgiza kai.

"Da saura. Gida ba dabba ai kango ne."

Washegari ya hau motar Bungudu, ya gangara wata ruga wajen Kekun Waje wurin Labbo, wani Bafulatani aminin marigayi mijin Inna Kulu. Abin da ya gaya masa Allah kaɗai ya sani. Daga baya dai mun ji wai cewa ya yi Inna Kulu ce ke kewar shanu, tana son ta ga ɗaya a gidanta ko ta samu sanyi a rai. Labbo mutum ne mai kara. Ya zaɓo bajimin sansa, ja, mai ƙaho kamar rassan bishiya, aka loda shi a a-kori-kura har Tudun Wada. Shigar da san nan ta zaure kaɗai sai da ta ci ƙyauren ƙofa ɗaya.

Aron wuni ɗaya ya zama kwanaki. Inna Kulu, baiwar Allah, in za ta banɗaki sai ta taka buhu, ta dafa babur, ta tsallake injin markaɗe, ta ba sa haƙuri. Gadonta kuwa ya ɓace a bayan katifu, sai zaure ta koma da tabarmarta. Rijiyar ma Taju ya shimfiɗa mata katako ya jera buhunan dawa a kai, wai rami ba ya kyau a hoto. Sai ga mai rijiya ta shigo gidana da buta tana neman ruwan alwala. Ranar na ji kamar in je in shaƙe shi.

"Inna, ki kore shi mana," na ce.

"Ɗan ƙanwata ne, Ladidi. In na kore shi a ce na hana maraya sana'a."

Ranar ɗaukar hoto ya fito da tabarau baƙi, ya ce kowa ya yi shiru, ƙwararre zai yi aiki. Sai dai ƙwararren bai bar wa kansa wurin tsayawa ba. Ya ja da baya ya faɗa cikin kujeru. Ya matsa gefe, ƙahon sa ya ɗaga masa riga. Ƙarshe ya ce manyan masu hoto daga sama suke ɗauka, ya tuɓe takalmi ya hau dalbejiya. Mu muna kan katanga muna kallo, mata da yara, har da mai shayi da ya bar tukunyarsa a wuta.

"Ejan, reshen ga busasshe ne," in ji mai shayi. Shi ne kaɗai ya taɓa kiransa da sunan, shi ma don ya ji daɗin abin da zai biyo baya.

"Ka tsaya ga shayinka."

Bai rufe baki ba reshen ya ce ƙaras. Ya sauko bisa katifu, katifu suka wurga shi cikin kwanukan amarya, kwanuka suka watse da wata irin ƙara da har masallacin bayan layi sai da aka leƙo. Sa ya firgita ya kai wa kujeru karo, ya ɗago kai da farar kujera a rataye a ƙaho ɗaya. Taju yana kwance cikin langa da samira, hannu ɗaya sama, bai fasa latsa waya ba.

"Kun gani? Wanga shi a ƙwarewa. Ko ƙasa nike aiki na tahiya."

Na ga hotunan da idona. Wallahi duk cikinsu ba inda bango ya fito, ba inda ƙasa ta fito, ƙofa ma sai ka rantse gidan ba shi da ita. Kaya ne kan kaya kamar kasuwar 'yan gwanjo, a tsakiya ga sa sanye da kujera yana hararar mai kallo. A ƙasa Taju ya rubuta da manyan baƙaƙe: CIKAKKEN GIDA NA SAYARWA A TUDUN WADA, ABIN DA KA GANI SHI ZA KA SAMU. Ya tura wa Malam Bitrus, ya tura duk wani zauren WhatsApp da yake ciki, na 'yan kasuwa, na tsofaffin ɗalibai, har da wanda aka buɗe don sanar da rasuwa.

Malam Bitrus ya buɗe, bai ce uffan ba.

"Mamaki ya kashe mai baki," in ji Taju. "Shina can shina haɗa kuɗɗi."

Wayar dai ta yi ta ƙara, wannan kam ba a musu. Wani ya tambayi kuɗin injin markaɗe. Wani ya ce babur ɗin da takardu ko babu. Mahauta suka yi ta bugowa kan sa. Wata mata ta tambaya tsakani da Allah ko mutum na kwana a wurin, ko kuwa ɗakin ajiyar kayan sata ne da aka kama. Cikin duk masu kiran ba wanda ya tambayi ɗaki nawa ne. Hoton ya yi tafiya har Rawayya, sai ga dangin da Inna Kulu ta shekara ba ta gani ba sun cika mota sun zo gaisuwa, tunda Allah ya buɗa mata har talabijin uku. Su ne suka zo da saƙon Malam Isah: mai wannan dukiya ba ta da dalilin sa shi jira, ruwa na sauka zai ba mai so.

Inna Kulu ta zauna a zaure ta yi tagumi. Taju ya ce mata wannan duk alamar kasuwa ce.

Ana cikin haka wani Alhaji Jatau ya bugo daga Tsafe. Kowa a ƙasar nan ya san Jatau, tsofaffin kaya yake saye, daga gado har injin niƙa, in ya ga dama ya sayi shago da abin da ke ciki. Kowa ya san shi ban da dillalin zamani. Ina tsaye aka yi maganar, don Taju ba ya amsa waya sai da 'yan kallo.

"Kai ne mai kayan ga na hoto?"

"Ni ne, Alhaji, Ejan Tajuddeen."

"Duka za ka sayar?"

"Duka, ranka shi daɗe."

"Har da san?"

"Alhaji, abin da kag gani shi za ka samu."

"To in taho da mota?"

"Taho da jirgi ma in kana da shi."

Ya kashe waya ya yi tsalle. Ya bi layi yana shelar an sayar da gida, wani hamshaƙi daga Tsafe ya saye ko tayi bai yi ba. Na ce masa, "Taju, ka ji mutumen ga ya ambaci gida kuwa?" Ya ce baƙin ciki ba ya hana ruwa gudu. Ya leƙa zaure ya ce wa Inna Kulu ta fara haɗa kayanta.

"In haɗa kayana? Ina nig ga nawa cikin wanga daji?"

Da hantsi sai ga babbar mota ta toshe layinmu, 'yan dako zaune a baya suna cin rake. Taju ya fito cikin babbar rigar aro da sabuwar hula, ya rusuna har ƙasa. Alhaji Jatau gajere ne mai tumbi, ba ya son dogon zance. Ya shiga, bai dubi sama ba, bai dubi bango ba. Ya shuri tayar babur, ya murza keken ɗinki, ya soka hannu cikin buhun dawa ya shinshina, ya juya ga yaransa.

"A loda. In an gama mu yi ciniki bisa mota."

Taju ya yi dariyar yaƙe. "Alhaji, ba ka duba ɗakunan ba?"

"Ɗakuna? Mi zan yi da ɗaki? Ni gidajena Tsahe sun ishe ni. Kaya niz zo saye."

"A'a, Alhaji, ai gidan ne..."

"Wane gida? Ni ban ga gida ba cikin hoto. Kai ka ga gida?" Ya juya ga direbansa. Direba ya ce shi dai ya ga sa.

Kafin Taju ya haɗiye yawu keken ɗinki ya hau mota. Sadiya tela ta leƙo daga shago ta ga kekenta a sama, ta saki wani ihu da ya tashi unguwa. Zakari ya fito da kumfar sabulu a gemu. Mai awo ya taho da mudu a hannu kamar zai auna wa wani duka. Uwar amarya ta iso mayafi a ƙugu, ta ga samirar 'yarta duk ta lotsa, wata ma sa ya ci dusa a ciki.

"Taju! Aro kac ce ko gwanjo?"

"Jama'a, a kwantar da hankali. Wanga shi aka kira maketin."

"Maketin ɗin gidanku! Sauko mani da kekena!"

"Wa zai biya ni man mota tun daga Tsahe?" in ji Jatau.

"Wa zai biya ni kwanukan ɗiyata?"

"Kowa za a sallame shi," in ji Taju, yana ja da baya. "Kamhwaninmu ba ya cin haƙƙin kowa."

"Wane kamhwani? Kai da waya?"

Ana wata ga wata. Sai ga ɗan kabu-kabu ya tsaya, Labbo ya sauko da malafarsa da sandarsa a kafaɗa. Ashe a kasuwar Bungudu wani ya tare shi yana masa barka da ciniki, ya nuna masa sansa a waya da kujera a ƙaho. Labbo ba mai ɗaga murya ba ne. A hankali ya yi magana, shi ya sa kowa ya yi tsit.

"Tajuddini. Zamanin ga da kowa ka ɓoye dabba tai don ɓarayin shanu, kai ka sa sana cikin waya duniya na kallo? Har da kujera? Kulu ce mai kewar shanu, ko?"

Ya sauke sandar daga kafaɗa. Shi kuwa sa, da ya ji muryar ubangidansa, ya fizge igiya ya nufo zaure da gudu. Ƙyauren da ya rage ya tafi. 'Yan dako suka dare, Alhaji Jatau da tumbinsa ya haye mota ba tare da taimakon kowa ba, mai awo ya faɗa kwata. Da ƙura ta lafa, sa na tsaye gaban Labbo yana lasar hannunsa, Taju kuwa ko sama ko ƙasa.

Daga nan kowa ya shiga ɗaukar nasa. To ka san ɗaukar fushi ba ta tantancewa. Mai kujera goma ya tafi da duk abin da ake zama a kai. Uwar amarya ta kwashe duk wani kwano da ta gani, har tukunyar tuwon Inna Kulu, wai a madadin waɗanda suka lotse. Dangin Rawayya suka ce bari su tsare wa 'yar'uwarsu kayanta kada a sace, suka tsare su cikin motarsu suka kama hanya. Inna Kulu na tsaye tana cewa "wannan nawa ne, wannan nawa ne," hayaniya ta hana a ji ta. Kafin azahar gidan ya koma wayam, ko igiyar shanya ba a bari ba.

Ni kuma na roƙi 'yan dakon Jatau su fito mini da firizata. Su huɗu suka ɗauka suna nishi.

"Hajiya, nama ne ciki?"

"Ba komi ciki, wuta ma babu."

"To wallahi wagga ta hi injin markaɗe nauyi."

Suka dire ta a tsakiyar layi don su huta, jama'a duk suna nan ana ta mai da zance. Sai firiza ta fara kiɗa. Waya ce ke ƙara a ciki. Na ɗaga murfi. Ga dillalin zamani a naɗe kamar kazar da aka fige, gwiwa a haɓa, babbar riga ta jiƙe sharkaf da gumi, sabuwar hula ta koma faifai. Ya ɗago kai ya dubi taron, ya gyara tabarau.

"Ina duba ingancinta ne."

Labbo ya leƙa ya dube shi, ya ce, "A ruhe. Bai yi ƙanƙara ba."

Dariyar da aka yi ranar, har Alhaji Jatau da ya yi asarar mai sai da ya riƙe ciki. Wayar kuwa ba ta daina ƙara ba. Mai kiran na tsaye a bayan taron bisa babur, waya a kunne, mace a bayansa. Ya sauko ya yi sallama, ya ce shi ne Bitrus, yana neman Malam Tajuddeen. Mutum wajen ashirin suka nuna masa firiza da yatsa.

Taju ya yi wuf ya fito. "Kun gani? Kun gani? Mai sayen gida ya iso! Ni na san aikina!"

"A'a, Malam," in ji Bitrus. "Firizar nan ta hoto muka zo tambaya. Madam ke so, tunda mun samu gida."

Ita Esta ba ta tsaya sauraro ba. Zauren ba ƙyaure, ta hango ciki, ta taka a hankali ta shiga. Can sai muka ji muryarta.

"Bitrus! Zo ka gani."

Muka bi su. Ni kaina da nake shiga gidan kullum sai da na tsaya. Tsakar gida fetal, inuwar dalbejiya ta kwanta a kai, ƙofofin ɗakuna uku a buɗe iska na ratsawa. Esta ta shiga kicin ta fito, ta leƙa banɗaki, ta zo bakin rijiya ta sunkuya, ta daɗe tana kallon ruwan.

"Wannan gidan wa ne?"

"Shi ne na hoton," na ce.

"A'a, Mama, ba shi ba ne. Na hoton ba shi da tsakar gida."

"Shi ne, 'yata," in ji Inna Kulu.

"Har da rijiya?" Ta juya ga mijinta, idonta ya kawo ruwa. "Bitrus, wanda muka biya jiya, ruwa sai 'yan garuwa. Yara ko wurin wasa babu."

Bitrus ya dubi Taju sama da ƙasa. "Malam, me ya hana ka turo mini wannan?"

"Kai kac ce cikakke kaka so."

"Cikakke na ce, ban ce cunkusasshe ba. Da na ga wannan ko sau ɗaya, wallahi da ban je Damba ba."

Suka durƙusa suka ba Inna Kulu haƙuri kamar su suka yi mata laifi, suka hau babur suka tafi. Esta na waiwaye har suka sha kwana. Jama'a suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, don dariyar ta ƙare, kowa kunya ta kama shi.

Iska ta taso daga gabas mai ƙanshin ƙasa. Gari ya yi duhu tun la'asar ba ta yi ba. Inna Kulu ta zauna a bakin rijiya, don ba kujera ba tabarma, ta buɗe tafin hannu, ɗigon farko ya sauka a ciki.

"Gobe Rawayya ana shuka," ta ce.

Tausayinta ya cika ni, na zauna kusa da ita, ruwa na ɗiga a kanmu.

Sai ga Taju ya shigo yana goge idanun wayarsa da hannun babbar riga, fuskarsa wasai kamar wanda ya ci gasa.

"Inna, albishirinki. Yanzu nig gano sirrin sana'ar ga. Gida wohi shi ka sayuwa! Wanga bincikena ne, ba kowa yas san shi ba. Bari in ɗauka kahin ruwa shi yi ƙarhi."

Ya ja da baya, ya durƙusa, ya rufe ido ɗaya, ya saita rijiya da dalbejiya. Sai ya sauke wayar ya yi tsaki, ya yi mata alama da hannu.

"Inna, ɗan kauce daga nan. Tarkace na ɓata hoto."

Cikin duk abin da aka kwashe a gidan, abu ɗaya aka manta a bayan ƙofar kicin, wata tsohuwar tsintsiyar kwakwa mai kauri. Inna Kulu ta tashi ba gaggawa, ta ɗauko ta, ta buga gindinta a tafin hannu ta daidaita. Da ita ta raka ɗan ƙanwarta cikin ruwan sama, tun daga bakin rijiya har bakin titi, kuma duk faɗin Tudun Wada ban ga mutum ɗaya da ya ce mata ta yi haƙuri ba.